Amfanin Abin Ado Ɗaurawa: Kwalin Gem da Ba a Buɗe Ba da Gidajen Wasa na Damagaram

Bayan la'asar, da zarar rana ta yi sanyi, duwatsun Damagaram sun fara sakin zafin da suka sha tun hantsi, wata hayaniya takan tashi daga ƙananan shaguna a lungunan unguwar Zango. Shago ne mai ƙofar kwano, da labule a bakinsa, da benci biyu ko uku, da talabijin a jingine da bango. Yara biyu ne ke riƙe da abin sarrafa wasan, amma idanun da ke kallo sun fi ashirin. Wanda aka ci ya tashi, mai jira ya zauna. Wanda ba shi da ko dala ba a korarsa. Shi ne mai ba da shawara, shi ne mai ihu idan ƙwallo ta shiga raga. Nan ne gidan gem.

Na'urar da ke cikin shagon ta ga duniya. Ta yi wa wani yaro aiki a wata ƙasa mai nisa har ya gaji da ita, ta ratso teku cikin kayan gwanjo, ta biyo ta Kwatano ko Legas ko Kano, sannan ta iso hannun mai shago. An sha kwance ta, an sha hure mata ƙura, an sha like mata waya. Kwalin da aka fara sayar da ita a cikinsa kuwa, babu wanda ya taɓa ganinsa a garin nan, babu kuma wanda ya taɓa tambaya.

A wata duniyar, wannan kwalin shi ne dukiya. Ranar 11 ga Yuli, 2021, a birnin Dallas na Amurka, kamfanin gwanjo na Heritage Auctions ya sayar da kaset ɗaya na wasan Super Mario 64 a kan dalar Amurka miliyan 1.56. A canjin lokacin, kuɗin ya haura sefa miliyan 850. Wasan ba baƙon abu ba ne, kamfanin Nintendo ya fitar da shi a 1996, an kuma sayar da kusan miliyan 12 a duniya. Wanda aka riga aka buga, ana samunsa a kan ƴan dalolin da ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya bambanta wannan kaset da sauran ƴan'uwansa guda ɗaya ne: tun da ya fito daga masana'anta, ba a yage ledarsa ba. Kuma wanda ya saye shi ya san cewa ranar da ya yage ta, ranar dukiyarsa ta narke.

Yadda leda ta zama dukiya

Ba dare ɗaya farashin ya kai can ba. A Fabrairun 2019, an sayar da kaset ɗin Super Mario Bros., wasan 1985 da ya kai sunan Nintendo kowane lungu, a kan dala 100,150. Irin na farko-farko ne, wanda aka fitar lokacin da ake gwada kasuwa a New York da Los Angeles. A Nuwamban 2020, Super Mario Bros. 3 ya kai dala 156,000. A Afrilun 2021, wani kwalin na Super Mario Bros. ya kai dala 660,000. Labarin wannan kwali shi ne, an saye shi a 1986 don a yi kyautar Kirsimeti da shi, aka jefa shi a aljihun tebur, aka manta, har shekara 35 suka wuce. Kwana biyu kafin cinikin Super Mario 64, The Legend of Zelda ya tashi a kan dala 870,000. A watan Agusta na wannan shekara, wani kwalin Super Mario Bros. ya kai dala miliyan 2, wato sama da sefa biliyan ɗaya.

Ginshiƙin wannan kasuwa shi ne masu tantancewa. Kamfani irin Wata Games, wanda aka kafa a 2018, yana karɓar kwalin, ya duba kusurwoyinsa, ya duba ko launinsa ya koɗe, ya duba ɗinkin ledar, sannan ya ba shi maki. Kwali yana da makinsa da ke ƙarewa a 10, leda tana da nata. Kaset ɗin da ya kai miliyan 1.56 ya samu 9.8, ledarsa kuma ta samu mafi girman daraja. Daga nan sai a saka shi cikin akwatin roba mai tauri, a rufe ruf. Duk wannan bincike, babu inda ake kunna wasan a ga ko yana aiki, domin ba a iya kunna shi sai an buɗe.

Masu wannan sha'awa suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Sun ce yaro ba ya ajiye kwali, yagawa yake yi cikin ɗoki ya jefar, saboda haka cikin miliyoyin da aka buga, ƴan ƙalilan ne suka tsira yadda suka fito. Sun ce kwalin shaida ce ta tarihi, yana nuna zanen zamaninsa, da rubutunsa, da yadda aka tallata abin ga jama'a. Wasu kuma, abin da suke saye shi ne yarintarsu: ranar da suka tsaya gaban kanti suna kallon kwalin da iyayensu ba su da halin saya musu. Wannan ƙishirwa gaskiya ce, duk wanda ya taɓa zama yaro ya san ta.

Mu ma mun san jere

Kafin wani ya ce wannan hauka ce ta Turawa, ya kamata ya leƙa ɗakin uwarsa ko na kakarsa. Bahaushe ya daɗe da sanin kayan da ake saye ba don a yi aiki da su ba. A unguwannin Birni da Zango, kamar a Maraɗi da Katsina da Kano, amarya takan tare da kayan ɗaki, kuma ƙawar ɗakin ita ce jere. Da can ƙorai ne masu zane da tasoshi. Daga baya kwanukan sha da langa da fanteka masu fenti suka shigo, aka riƙa ɗora su ɗaya bisa ɗaya har su kusa taɓa rufi. Bayan su tangaram da gilasai suka zo, suka shige cikin kabad. Yawancinsu ba su taɓa ganin tuwo ba. Ana sauke su a goge, a mayar. Yaron da ya kuskura ya ɗauki kwanon jere ya sha fura, ya san abin da zai tarar.

Haka atamfa. Mace takan sayi turmin Holan, ta ninke shi a ƙasan akwati, shekara da shekaru almakashi bai taɓa shi ba. Ta san cewa muddin ba a yanka ba, kuɗi ne a ajiye. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafin da ta wallafa a 1997 kan aure a Maraɗi, ta yi dogon bayani kan yadda kayan aure da kayan ɗaki ke nuna darajar mace da yawan mutanen da ke bayanta. Kowane kwano a jere yana da asali: wannan gudummawar gwaggo ce, wancan na ƙawar uwa ne, wancan kuma daga kuɗin adashi ya fito.

To, ashe ba mu da bakin yi wa mai ajiye kwalin gem dariya. Sai dai idan aka zurfafa, za a ga inda hanyoyin biyu suka rabu. Jere a buɗe yake, duk matar da ta shigo barka ko gaisuwa tana gani, tana karanta zumuncin da ke cikinsa. Jere yana da ranar sauka. Idan rashin lafiya ta zo, ko hatsi ya ƙare a rumbu kafin kaka, mace takan zare kwano biyu ta aika kasuwa ba tare da ta roƙi kowa ba. Idan ƴarta ta isa aure, rabin jeren yakan bi ta. Atamfar ƙasan akwati ma tana jiran ranarta, ko ta suna, ko ta biki, ko ta Sallah. Babu matar da ke sayen turmi da niyyar kada a taɓa ɗaura shi har abada. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan wannan: amfanin abin ado ɗaurawa.

Kwalin da aka kulle cikin roba ba shi da ranar sauka. Ba ya jiran biki, ba ya jiran jika ya girma a miƙa masa. Mai saye kawai yake jira, wanda shi ma ba zai buɗe ba.

Cinikin biri a sama

Zango unguwar fatake ce tun asali. A wajen ganuwar Birni ta kafu, inda ayari ke sauke kaya, daga Agadas da Ghat da Tarabulus, daga Kano da Kukawa. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, Damagaram ta zama babbar mahaɗar kasuwancin Sahara, kuma manyan gidajen ƙasa masu zanen bango da ke unguwar har yau shaida ne na arzikin da ya ratsa ta nan. Jikokin waɗannan fatake sun gaji ƙa'ida ɗaya: ba a biyan kuɗin ƙunshi sai an kwance. Mai sayen fata yana shinshina ta, mai sayen goro yana ɗaga ganye, mai sayen raƙumi yana duba haƙori. Ko a Kasuwar Dole ta yau, wanda zai sayi rediyo sai an sa masa batir ya ji muryarta. Sayen abin da ba a gani ba, sunansa cinikin biri a sama.

Kasuwar kwalayen gem ta nuna hatsarin irin wannan ciniki. A Agustan 2021, wani ɗan Ostireliya mai suna Karl Jobst ya fitar da dogon bincike a YouTube, inda ya yi zargin cewa akwai alaƙar kusa tsakanin masu ba da maki da masu gwanjo da wasu manyan masu saye, kuma wannan alaƙa ce ta hura farashi. Cikin abubuwan da aka yi ta nuni da su har da cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka sayi kwalin dala 100,150 a 2019 shi ne Jim Halperin, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Heritage Auctions. Heritage Auctions da Wata Games sun musanta zargin. A Mayun 2022, wasu masu tara wasanni suka kai Wata Games ƙara a kotun Amurka. Ko ma mene ne gaskiyar lamarin, abin da kowa ya gani shi ne, bayan tashin 2021 farashi ya faɗi warwas, kuma da yawa daga waɗanda suka shiga a makare sun tafka asara.

Dalilin a fili yake. Buhun gero, ko farashinsa ya faɗi, ana iya daka shi a ci. Kwanon jere, ko ya tsufa, yana iya ɗaukar ruwa. Kayan da darajarsa ta rataya ga rashin amfani da shi, ba shi da abin da zai tare shi idan sha'awar masu saye ta kau.

Abin da leda ba ta karewa

Babbar hujjar masu kullewa ita ce adana tarihi. Nan ma akwai abin dubawa. Kaset na The Legend of Zelda yana cikin na farko da aka sa wa ɗan ƙaramin batir a ciki, don ya riƙe inda mai wasa ya tsaya. Batir yana mutuwa ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba, wani ma yakan zubar da ruwansa ya ci abin da ke kusa da shi. Faifai ma yana lalacewa da kansa idan shekaru suka yi nisa. Wanda ke buga kaset ɗinsa yakan lura, ya kwance, ya canza batir. Wanda ya kulle nasa ba shi da hanyar sanin halin da cikin yake ciki.

A ƙasarmu kuwa, maganar ta fi haka tsanani. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, garin da gara ba ta raina kwali, ajiye leda shekara talatin ba tare da ta bushe ta tsage ba sai mai ɗakin sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. Mu kuwa mun ga abin da ya faru daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a mayar ba sai Maris 2024. A irin wannan hali, ƙoƙarin mai gidan gem shi ne ya samu man da zai zuba wa injin janareta don yara su buga, ba sanyaya kwali ba.

Masu aikin adana wasanni da gaske wata hanya suke bi. A Yulin 2023, gidauniyar Video Game History Foundation ta Amurka ta fitar da binciken da ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa a lokacin. Ba shahararru irin Mario ne ke cikin hatsari ba, ƙananan wasanni ne da ba wanda zai ba da miliyan a kansu. Abin da ke ceton su shi ne a buɗe, a kwafi abin da ke ciki, a gyara na'urar da ke kunna su, a rubuta yadda ake buga su. Babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa yana karɓar wasannin bidiyo a ajiyarsa tun bayan wata doka ta 1992. Gidan adana fasahar zamani na MoMA da ke New York ya ɗauki wasanni 14 a 2012, cikinsu har da Pac-Man da Tetris, ya kuma bar baƙi su buga wasu daga ciki. Sun gane cewa wasa ba ya cika wasa sai hannu ya taɓa shi.

Ga shi kuma kwalin kansa yana kan hanyar ɓacewa. A 2020 kamfanin Sony ya fitar da wani samfurin PlayStation 5 da ba shi da wurin sa faifai. A Maris 2023 Nintendo ya rufe kantinsa na intanet na na'urorin 3DS da Wii U. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe wasan tseren mota na The Crew, har wanda ya saye shi a faifai ba ya iya buga shi. Wanda ya ajiye wannan faifai cikin ledarsa, yau roba ce kawai a hannunsa.

Namu sakacin

Idan aka tsaya nan, sai a ce mu ne muka yi daidai. Ba haka ba ne. Idan su sun ajiye ba su buga ba, mu mun buga ba mu ajiye ba, kuma wannan ma asara ce mai ciwo.

Ina na'urorin da suka fara shigowa gidajenmu, masu kaset rawaya da aka rubuta wa wasa ɗari-ɗari alhali ƴan kaɗan ne ake ta maimaitawa? Ina ƴar bindigar robar da ake harbin agwagi da ita a talabijin? Ina Sega, ina PlayStation ta farko da faifanta da ake gogewa da gefen riga? Ina PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, ta kuma riƙe gidajen gem na ƙasar Hausa shekaru masu yawa bayan wasu ƙasashe sun wuce ta? Yawancinsu sun bi bola ko sun tafi wurin ƴan gwangwan. Tare da su aka zubar da labarin masu gyaran da suka koyi kwance na'urar Japan ba tare da makaranta ba, da labarin samarin da suka kafa sana'a da talabijin ɗaya da benci ɗaya, da irin Hausar da aka ƙirƙira a bakin waɗannan shaguna.

Ba yau muka fara irin wannan rashi ba. Tun daga Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa na kaset sun cika kasuwanni daga Kano har Damagaram, amma yau da yawa daga cikin na farko sun yi wuyar samu, domin an kalle su har zaren ya tsinke, ba a bar kwafi mai kyau ba. Waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo kuwa, abin da ya iso kunnen matasan yau ya iso ne saboda wani ya ɗauka, wani ya kwafa, wani ya ci gaba da sauraro. Abin da aka ajiye kuma ake amfani da shi, shi ne ke daɗewa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an buɗe tulun.

Iyaye da malamai da ke ƙorafi kan gidajen gem suna da gaskiyarsu. Akwai yaron da ke gudun lakwal ko makarantar allo ya ɓuya a bayan labule, akwai wanda kuɗin aike ke ƙarewa a can, akwai inda caca ke shiga. Wannan gyara yake so, da ƙa'idar lokaci, da mai shago mai tsoron Allah da zai kashe na'ura idan an kira salla, ya kori yaro idan lokacin karatu ne. Amma gyaran abu daban, musun cewa ya zama ɓangaren rayuwar gari daban. Samarin Damagaram da dama sun koyi jiran layi, da haƙurin shan kaye, da abota da ɗan wata unguwa a kan waɗannan bencina.

Aikin da ke gabanmu ba mai tsada ba ne. Damagaram tana da gidan tarihi, tana da Jami'ar André Salifou, tana da gidajen matasa. Ɗaki ɗaya ya isa a tara tsofaffin na'urori daga kowane zamani, a gyara su, a rubuta inda kowace ta fito da shagon da ta yi wa aiki, a naɗi muryoyin masu gyara da masu shago tun suna raye. Sannan a ware rana a mako, a buɗe ƙofa, uba ya zo da ɗansa ya nuna masa wasan da ya buga yana yaro. Wanda ke da kaset a ƙasan akwati, kada ya jefar. Ya goge shi, ya ajiye kwalin idan yana da shi, ya kuma kunna shi lokaci zuwa lokaci.

A gindin bishiyoyin Birni, har yau dattawa na buga dara. Ramuka talatin a ƙasa, ƴaƴa goma sha biyu ga kowane ɗan wasa, wani da tsinke, wani da tsakuwa. Dara ba ta da kwali, ba ta da leda, babu mai ba ta maki. Iska takan share ramukan kafin gari ya waye. Duk da haka ta ga zamanin sarakunan da suka gina ganuwa, ta ga zuwan Faransawa a 1899 da tafiyarsu, ga ta nan kuma ba ta tsufa ba. Abin da ya raya ta shi ne, kullum akwai yaro tsugune a gefe yana kallo, kuma kullum akwai ranar da wani dattijo zai matsa ya ce masa, zo ka zauna, yaro, ɗauki tsinke.